Jidda

Jidda birni ne mai girma a gaɓar gabashin Bahar Maliya, a yankin Hijaz na ƙasar Saudiyya, cikin lardin Makka. Ita ce ta biyu a yawan jama'a bayan Riyad, da mutum kimanin miliyan 3.7 a ƙidayar 2022. Tsakaninta da Makka tafiyar kilomita 70 ce da ɗoriya, kuma wannan kusancin shi ne silar arzikinta. Garin ba shi da kogi, ba shi da ƙasar noma, gaɓarsa cike take da duwatsun murjani masu fasa jirgi, amma ya rayu fiye da shekara dubu a kan saukar baƙi da fiton kaya. Ana yi mata kirari da Amaryar Bahar Maliya, mazaunanta kuma suna cewa "Jidda gair", wato Jidda daban take.

Suna

An saɓa a kan asalin sunan. Wasu sun ce daga "jadda" ne, wato kaka, saboda ruwayar da ke cewa a nan aka binne Nana Hauwa'u. Wasu sun ce "judda" ne, ma'ana gefen teku. An rushe ginin da ke kan wurin da ake cewa kabarin ne a shekarun 1920.

Tarihi

Masana tarihi na Musulunci sun ruwaito cewa Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka wajen shekara ta 26 bayan Hijira, kusan 647 Miladiyya, a madadin Shu'aiba da ke kudu. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya sauka a garin a 1183 bayan ya ƙetaro teku daga Aizab, wata tashar jiragen ruwa a gaɓar Afirka.

Bunƙasa ta gaske ta zo a ƙarni na 15, lokacin da Sarkin Masar Barsbay ya jawo jiragen Indiya suka riƙa wuce tashar Adan ta Yaman suna sauke kaya a Jidda. Masoro, kirfa, yadudduka, daga baya kuma gahawar Yaman, duk a nan ake juye su zuwa ƙananan jirage masu nufar Suwes, kuɗin fito kuwa ana raba shi tsakanin mahukuntan Masar da Sharifan Makka. Da Turawan Fotugal suka shigo tekun Indiya, Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri ya sa kwamandansa Husaini al-Kurdi ya kewaye garin da ganuwa, wajen 1509. Fotugal sun zo da rundunar jirage a 1517, suka koma ba su ci garin ba. A shekarar ce Hijaz ta shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Buɗe mashigin Suwes a 1869 da zuwan jirage masu inji sun sauya ciniki. Manyan jirage ba sa buƙatar juye kaya a Jidda kuma, amma alhazai sun ƙaru ƙwarai, daga Indiya, tsibirin Jawa na Indonesiya da Afirka. Sharifin Makka Husaini ya ƙwace garin daga Turkawa a 1916. A watan Disamban 1925, bayan doguwar kewayewa, Jidda ta miƙa wuya ga Abdul'aziz Al Sa'ud. Ofisoshin jakadanci sun zauna a nan har tsakiyar shekarun 1980 kafin a mayar da su Riyad.

Tsohon gari

Cikin ganuwa unguwanni huɗu ne: Sham, Mazlum, Yaman da Bahar. An rushe ganuwar a 1947, abin da ya rage shi ake kira Balad. Gidajensa benaye ne dogaye na dutsen murjani, ana jera katako a tsakanin sahun duwatsu don ginin ya riƙe kansa. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne roshan, tagar katako mai sassaƙa da ta turo waje daga bango. Iskar teku tana ratsa ramukanta, ana ajiye tulu a gefenta ruwa ya yi sanyi, matan gida suna kallon titi ba a ganinsu. Gidan Nasif, wanda aka gama wajen 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo garin. Hukumar UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, bayan gidaje masu yawa sun riga sun zube ko sun ƙone, kuma wannan asara ce da gyara ba zai mayar ba.

Ruwan sha shi ne tsohon ciwon kan garin. Da ruwan sama da ake tarawa a matattarai aka dogara, 'yan ga-ruwa suna sayarwa gida gida. A farkon ƙarni na 20 aka kafa injin tace ruwan teku da mutanen gari suke kira Kindasa, sannan a 1947 aka jawo ruwa daga Wadi Fatima. Yau mafi yawan ruwan daga teku ake tace shi.

Jama'a

Kusan kowane tsohon gida a Jidda yana da labarin kakan da ya zo aikin Hajji ko fatauci ya zauna. Akwai 'yan asalin Hadramaut ta Yaman, Masar, Sham, Indiya, Bukhara da Jawa. Mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari, da yawansu da ƙafa suka ratsa Sudan, suka haye teku, suka zauna a bayan ganuwa suna dako da aikin ƙarfi. Sunayen zuri'a irin su Hausawi, Fallata da Barnawi shaidar hakan ce. Daga ƙarshen 2021 hukuma ta rushe unguwanni da dama na marasa ƙarfi a kudanci da tsakiyar gari, ciki har da Karantina da Gulail. Gwamnati ta ce tsaftace gari ne, masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce baƙin da ke zaune a can ba su sami diyya ba.

Tattalin arziki

A da, jirgi yakan tsaya can nesa saboda duwatsu, ƙananan kwale-kwale su kwaso mutane da kaya. A bakin gaɓa wakilin muɗawwifi, wato jagoran alhazai, zai karɓi alhaji, ya sama masa masauki, ya haɗa shi da masu raƙuma zuwa Makka. Dillalai, 'yan canji da 'yan dako duk a lokacin aikin Hajji suke samun na shekara. Daga cikin wannan sana'a manyan gidajen kasuwanci suka fito, irin su gidan Alireza, wanda ɗansu Muhammad Ali Zainal ya kafa makarantar Falah a 1905, da gidajen Hadramawa kamar Bin Mahfuz, Bugshan da Bin Laden. Ƙungiyar 'yan kasuwar Jidda, wadda aka kafa a 1946, ita ce ta farko a ƙasar.

Man fetur yana can gabashin ƙasar, don haka har yau shigo da kaya da rarraba su ne ƙashin bayan garin. Tashar Jiragen Ruwa ta Musulunci ta Jidda tana cikin mafi girma a Bahar Maliya, ta nan hatsi, dabbobin hadaya, motoci da kwantenoni suke shigowa. Kamfanin Abdul Latif Jameel ya fara dillancin Toyota a 1955. Savola na sarrafa man girki da sukari. Gidan kajin Albaik a nan ya faro a 1974. Hedikwatar Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da ta kamfanin jiragen sama na Saudia duk suna Jidda. Filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz an buɗe shi a 1981, da sashen alhazai mai rufi kamar tantuna, kuma tun 2018 jirgin ƙasan Haramaini yana haɗa garin da Makka da Madina.

An fara tseren motoci na Formula 1 a bakin teku a 2021. Hasumiyar Jidda, wadda ake nufin ta haura mita 1,000, an fara ta a 2013, aikin ya tsaya a 2018, daga baya aka ci gaba.

Yanayi

Zafi ne mai gumi mafi yawan shekara. Ruwan sama kaɗan ne, yakan zo da hunturu, amma idan ya zo da ƙarfi kwaruruka daga duwatsun gabas sukan kwararo cikin gari. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta kashe fiye da mutum 100, aka sake yin wata a Janairun 2011, abin da ya tilasta gina madatsai da manyan magudanai a gabashin birnin.