Tenzing Norgay

Tenzing Norgay (1914–1986) mahayin tsaunuka ne ɗan ƙabilar Sherpa. Shi da Edmund Hillary, ɗan ƙasar New Zealand, su ne mutane biyu na farko da aka tabbatar sun taka ƙololuwar tsaunin Everest, mafi tsawo a duniya, ranar 29 ga Mayun 1953.

Ya tashi a yankin Khumbu na ƙasar Nepal yana kiwon dabbobin gidansu, kafin ya koma garin Darjeeling na Indiya neman abin kai wa baki. A can Turawa ke ɗaukar 'yan dako masu kai musu kaya kan tsaunuka. A 1935 Eric Shipton, wani mahayin tsaunuka ɗan Birtaniya, ya ɗauke shi dako a tafiyar leƙen hanyoyin Everest. Bai iya karatu da rubutu ba, amma yana jin harsuna da dama, kuma sanyi da ƙarancin iska ba sa karya shi. Sannu a hankali ya zama shugaban 'yan dako.

A 1952 ya yi tafiya da tawagar Suwizalan zuwa Everest, inda shi da Raymond Lambert suka kai kusan mita 8,600, suka juyo don ƙarfi ya ƙare. Babu wanda ya taɓa kaiwa nan kafin su. Shekara ta zagayo sai ya shiga tawagar Birtaniya ƙarƙashin John Hunt, karo na bakwai ke nan da ya tunkari tsaunin. A hanya Hillary ya zame cikin wani rami na ƙanƙara, Tenzing ya yi maza ya kafa gatarinsa ya riƙe igiyar da ta ɗaure su tare. Daga nan Hillary ya san da wa zai hau.

Sun isa sama da misalin ƙarfe 11:30 na safe, goye da tukwanen iskar shaƙa, suka yi kamar minti 15. Tenzing ya binne alewa cikin dusar ƙanƙara a matsayin sadaka bisa addininsa na Buddha. Hoton da duniya ta sani nasa ne, yana ɗaga gatari mai ɗauke da tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Birtaniya da Nepal da Indiya. Hillary bai da hoto a wurin.

Da aka zo rabon yabo ba a yi daidai ba. An ba Hunt da Hillary sarautar "Sir", shi kuwa lambar George Medal. 'Yan jarida suka dame su da tambayar wa ya riga wani. Daga baya Tenzing ya faɗa da bakinsa cewa Hillary ne ya fara takawa, shi yana biye.

A 1954 aka buɗe makarantar koyon hawan tsaunukan Himalaya a Darjeeling, ya zama daraktan horarwa na farko. Ya rasu a garin ranar 9 ga Mayun 1986. Ɗansa Jamling ya hau Everest a 1996, kuma tun 2008 filin jirgin saman garin Lukla na Nepal ke amsa sunan Tenzing da Hillary.