Koyar da matasa waƙa da aikin jarida a Maraɗi

Koyar da matasa waƙa da aikin jarida horo ne da ake bai wa samari da ƴan mata masu shekaru goma sha, domin su iya tsara baiti, su kuma iya ɗauko labari su ba da shi daidai. A Maraɗi, kamar sauran garuruwan Hausa na Nijar, yawancin horon a kunne yake farawa kafin ya kai ga alƙalami, kuma tushensa ya girmi lakwal, wato makarantar boko.

Asali

Maraɗi ta zama mazaunin sarakunan Katsina da suka baro birninsu bayan jihadi, a wajajen 1807 zuwa 1819. Da su fada ta zo, da makaɗanta da maroƙanta da masu shela. Ɗan makaɗi a bayan ubansa yake koyo: ya fara da amshi, ya ɗauki ƙaramar ganga, sai ya goge kafin a sakar masa baki. Ƴan mata kuwa dandali ne makarantarsu, wurin gaɗa, da bakin turmi. A makarantun allo da zaurukan malamai ake rera rubutattun waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi cikin ajami, a kan ma'aunan da aka aro daga arulin Larabci.

Bayan ƴancin kai a 1960, rediyo ya shigo cikin lamarin. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda jama'a ke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. Hukumar yaƙi da jahilci ita ma ta riƙa buga ƙananan jaridu da harsunan ƙasa don manyan da suka koyi karatu. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gargajiya, ana shirya bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Wasu na yaba wa samariya da fito da masu basira, wasu na ganin kakakin mulkin soja ce kawai.

Darasin waƙa

Abu na farko shi ne gaɓa. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka yaro ba zai gane nauyin gaɓa da ido ba, sai ya furta. Malam kan sa a tafa: “gero” gaɓa biyu ne masu nauyi, “ruwa” mara nauyi da mai nauyi, “kasuwa” mai nauyi, mara nauyi, mai nauyi. Ɗalibin da ya taso da gaɗa ko Ishiriniya yakan ji inda ɗango, wato layin waƙa, ya karye tun kafin a gaya masa sunan dokar. Daga nan sai amsa-amo, sai ginin baiti, daga ƙwar biyu (mai layi biyu) har ƙwar biyar. Yawancin masu fara koyo amsa-amo ke ruɗarsu, su cusa kalmar da ba ta da aiki don dai ƙarshen layi ya faɗi a kan “wa” ko “na”.

Akwai batun karin harshe. Bamaraɗe yana cewa “ya tahi”, littafi yana cewa “ya tafi”. A waƙa akan bar yaro da bakinsa, a labari akan mayar da shi kan daidaitacciyar Hausa. Nijar kuma tana rubuta ƴ inda Najeriya ke sa ’y.

Darasin labari

Nan ana farawa da tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me. Aikin gwaji da ya fi sauƙi shi ne a tura ɗalibi kasuwa ya tambayo kuɗin tiyar gero wurin ƴan awo uku, ya rubuta a littafinsa wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa. In ya dawo da “an ce hatsi ya yi tsada”, sai malam ya tambaye shi: wa ya ce? Raba labari da ji-ta-ji-ta ya ƙara wuya tun da saƙon murya na WhatsApp ya yawaita.

Makarantu da kafafe

Gwajin koyarwa da harshen gida ya fara a Damagaram a 1973, amma Faransanci ne ya ci gaba da riƙe kwaleji da lise, wato makarantun sakandare. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, sun buɗe a shekarun 1990, na karkara suka biyo baya. Mai son shaidar aikin jarida yakan nufi makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, wadda a da ake kira IFTIC.

Sababbin salo

Rap ya kama matasan biranen Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, silam, wato waƙar da ake furtawa gaban jama'a, ya biyo baya, ana cakuɗa Hausa da Faransanci.