Malamin firamare da takardar QTS ta Ingila: abin da ƙa'ida ta ce da hanyoyin da suka rage

Ranar 1 ga Fabrairun 2023 Ma'aikatar Ilimi ta Ingila ta sa Najeriya cikin ƙasashen da malamansu za su iya neman QTS, wato shaidar cancantar koyarwa a Ingila, kai tsaye ta intanet, tare da Ghana, Indiya, Jamaika, Singafo, Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Yukiren da Hong Kong. Nan da nan labari ya cika zaurukan WhatsApp na malamai cewa Turawa na ɗibar malaman makaranta. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, sai dai yawancin masu yaɗa shi ba su karanta sharaɗin da aka liƙa masa ba, kuma wannan sharaɗin ne ya bar malamin firamare a waje.

QTS shaida ce da ke nuna mutum ya cancanci riƙe aji a makarantun gwamnati na Ingila, kuma hukumar da ake kira TRA ce ke bayar da ita. Ba takardar ɗaukar aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Abu uku ne daban-daban, kowanne da mai ba da shi: TRA ta ba da shaida, makaranta ta ba da aiki, Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta ba da biza. Mutum zai iya samun ta farko ya shekara a Gusau bai ji ɗuriyar sauran biyun ba. Kuma ta Ingila ce kaɗai. Sukotland tana da tata hukumar, GTCS, da nata sharuɗɗan.

Ga sharaɗin kamar yadda aka sa shi a 2023. Malamin da ya yi horonsa a Najeriya ko Ghana sai ya kasance malamin lissafi, ko kimiyya, ko ɗaya daga harsunan da ake koyarwa a makarantunsu, irin su Faransanci, Jamusanci da Sifaniyanci. Turanci ba ya ciki, Hausa ma haka. Sannan horon nasa ya zama na koyar da yara 'yan shekara 11 zuwa 16, wato sakandare. Firamare a Ingila ta yara ce daga shekara 5 zuwa 11, don haka malamar da ta yi digirinta a kan ilimin firamare ko na renon ƙananan yara ba ta cikin waɗanda aka buɗe wa wannan ƙofa, ko da ta shekara ashirin riƙe da alli. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarancin malamai da ke damun Ingila a sakandare yake, musamman a fiziks da lissafi da harsuna. A firamare kuwa haihuwa ta ragu, yara na raguwa, har ana rufe wasu makarantu a Landan. Tallafin fam 10,000 na kuɗin ƙaura da aka yi ta yayatawa a 2023 ma na malaman fiziks da harsuna ne, bai taɓa shafar firamare ba. Ma'aikatar takan taɓa waɗannan sharuɗɗa lokaci zuwa lokaci, saboda haka wanda yake ganin fanninsa ya shiga ya karanta shafin gov.uk a ranar da zai cike, kada ya dogara da hoton da aka turo masa bara. Nijar, Kamaru da Chadi ba sa cikin jerin na 2023.

Matsalar NCE

Ko da an cire sharaɗin fanni, akwai wani shinge da ya fi shi tsawo. A Najeriya NCE ita ce mafi ƙarancin takardar da manufar ilimi ta ƙasa ta yarda a koyar da ita, kuma da ita akasarin malaman firamare ke aiki. Shekara uku ake yi a kwalejin ilimi, da aikin koyarwa na gwaji, kuma TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, tana yi wa mai ita rajista a rukunin D. Ingila kuwa ba ta ba da QTS ga wanda ba shi da digirin farko da ya yi daidai da nata. Wata cibiya mai suna UK ENIC ce ke auna takardun ƙasashen waje, kuma ba ta lissafa NCE a matsayin digiri. A duk hanyoyin da za a ambata a ƙasa, sai da digiri ake kaiwa ga QTS. Wanda NCE kawai gare shi, aikinsa na farko ba ya da alaƙa da fasfo: ya nemi shiga jami'a kai tsaye ya haɗa B.Ed, ko ta karatun hutu da malamai ke yi a lokacin dogon hutu, ko ta jami'ar karatu daga gida, NOUN. Dokar 2023 ta kuma ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu. Wanda yake da digiri a wani fanni amma bai karanci koyarwa ba, PGDE ce tasa, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, irin wadda cibiyar malamai ta ƙasa, NTI Kaduna, da jami'o'i ke yi.

Akwai shawara ɗaya da ta cancanci a tsaya a kanta. Idan malami yana da NCE mai haɗin lissafi ko kimiyya, kuma bai fara digiri ba tukuna, zaɓen B.Sc(Ed) a lissafi ko fiziks zai kai shi inda B.Ed na firamare ba zai kai shi ba. Masu tantancewa takardar sakamakon kwasa-kwasai suke dubawa, su ga nawa ne daga cikin darussan da ya yi suka shafi fannin, da shekarun yaran da aka horar da shi ya koyar. Amma wannan canjin sana'a ne, ba dabara ba. Wanda zai tsaya gaban 'yan shekara goma sha biyar yana koyar da aljabara da Turancin da suka fi shi sauri a cikinsa, ya tabbata yana so.

Hanyoyin da malamin firamare mai digiri zai bi

Ta farko ita ce iQTS, wadda aka fara gwajinta a Satumban 2022. Horo ne na shekarar karatu ɗaya da cibiyoyin horar da malamai na Ingila ke gudanarwa ta intanet, ɗalibi na zaune a ƙasarsa yana koyarwa a makaranta, wani gogaggen malami na sa masa ido. Wanda ya gama ana ba shi QTS. Amfaninta, ba ka bar iyali ba, ba ka biya haya da fam ba. Wahalarta, kuɗin karatun dubban fam ne, kuma sai ka samo makarantar da cibiyar ta amince da ita, mai malamin da zai iya zama jagoranka. Irin waɗannan galibi makarantun kuɗi ne masu bin manhajar Birtaniya, kuma sun fi yawa a Abuja da Legas.

Ta biyu ita ce tantancewa kaɗai, ba tare da sabon horo ba. Ta gogaggu ce: mai digiri, da aƙalla shekara biyu yana koyarwa, a makarantu biyu ko fiye. Jami'in tantancewa zai kalle ka a aji, ya duba tarin hujjojinka, wato tsarin darussa, sakamakon ɗalibai da rahotannin masu duba aikinka, ya auna su da mizanin malaman Ingila. Ba ta wuce mako goma sha biyu. Kuɗinta yakan kama daga wajen fam 1,500 zuwa 4,000, kuma in jami'in zai taso daga Ingila, yawanci kuɗin tafiyarsa na kanka.

Ta uku, mutum ya tafi Ingila da bizar ɗalibi ya yi PGCE na firamare, wato horon koyarwa na bayan digiri, shekara ɗaya. Ita ce mafi tsada, babu tallafin gwamnati ga baƙo a ɓangaren firamare, kuma tun Janairun 2024 ɗalibin irin wannan kwas ba ya tafiya da mata ko miji da yara.

Ta huɗu ana kiranta ƙa'idar shekara huɗu: malamin da ya cancanta a ƙasarsa zai iya koyarwa a makarantar gwamnati a Ingila har shekara huɗu ba tare da QTS ba, ya nemi ta a cikin wannan wa'adin. Lissafin yana farawa daga ranar da ya fara aiki, kuma ba ya tsayawa don ya yi hutu ko ya dawo gida. A takarda hanya ce mai kyau. A zahiri sai an sami makarantar firamare da za ta ɗauki nauyin bizar baƙo mara QTS alhali tana da 'yan ƙasa a layi, sannan albashin malami mara QTS yana ƙasa sosai, har matakinsa na farko yana iya gaza kai mafi ƙarancin albashin da biza ke nema.

Wani ƙaramin sharaɗi da ke kayar da mutane a ukun farko: ban da Turanci da lissafi, mai neman koyar da firamare sai ya nuna ya ci kimiyya a matakin da ya yi daidai da maki 4 na GCSE, jarrabawar sakandare ta Ingila. A WAEC ana ɗaukar C6 zuwa sama. Wanda ya yi ajin adabi a sakandare ya samu D7 a bayoloji, ko bai ma rubuta ba, zai tarar digirinsa bai rufe masa wannan giɓi ba. Maganinsa ya sake zama jarrabawar a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, ko ya yi gwajin madadi da wasu cibiyoyin ke karɓa. Gara a duba wannan tun kafin a biya kowa ko sisi.

Takardu, inda aka fi yin tuntuɓe

Rajistar TRCN ce tushe. An kafa hukumar da doka mai lamba 31 ta 1993, kuma tun 2017 sai an ci jarrabawarta ta kwamfuta kafin rajista. Lasisin yana ƙarewa bayan shekara uku, malamai da yawa kuma ba sa sabuntawa don ba mai tambayarsu. Hukumomin waje suna neman wasiƙa daga TRCN da ke tabbatar da cewa mutum malami ne mai rajista, ba a dakatar da shi ba, ba shi da laifi a kansa. TRCN ce ke aika wa TRA wasiƙar kai tsaye, ba mai nema ba. Wadda ka ɗauka da hannunka ka ɗora ba ta wadatar. A Ghana NTC ce ke wannan aikin.

Sai suna. A ɗauki malama ɗaya: a WAEC Hauwa Mohammed, a NCE Hauwa'u Muhammad, a digiri an ƙara sunan garinsu, a fasfo kuma sunan miji. A gida kowa ya san mutum ɗaya ce. Jami'in da ke zaune a Ingila mutum huɗu yake gani. Haka ranar haihuwa, musamman ga wanda aka taɓa rage wa shekaru lokacin ɗaukar aiki. Ana gyarawa da takardar rantsuwa ta kotu, sanarwa a jarida, da takardar aure in canjin daga aure ne, sannan NIN da fasfo su dace da juna. Gyaran yana cin watanni, haka ma fito da sakamakon kwasa-kwasai daga jami'a, don haka da su ake farawa.

Ƙwarewar aiki ma tana da ma'auni. A hanyar kai tsaye ana neman aƙalla wata tara na koyarwa bayan kammala horo, kana riƙe da aji da kanka, kai ke tsara darasi, kai ke auna yara. Koyarwar gwaji ta kwaleji ba ta shiga lissafi. Za a tuntuɓi hedimasta ta imel, kuma makarantun ƙaramar hukuma da yawa ba su da adireshin imel na hukuma, wani hedimastan ma sai ya yi wata bai buɗe nasa ba. A sanar da shi tun da wuri, a kuma adana takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa daga SUBEB ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Wanda ya sulale ya bar aiki ba tare da takardar ajiye aiki ba, hedimastan da ya bari da aji ba malami shi za a tambaya halinsa.

Turanci: Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Birtaniya ke yafe wa gwaji saboda fasfo. A shirya wa matakin ƙwarewar harshe da ake kira B2, kuma a tabbata gwajin da aka biya irin wanda hukumar ta amince da shi ne, domin jarrabawar Turanci ta IELTS iri-iri ce.

Biza da 'yan kamasho

Bizar ƙwararren ma'aikaci tana buƙatar makaranta mai lasisin ɗaukar nauyin baƙo, ita za ta ba ka lambar shaidar ɗaukar nauyi. Sunayen masu lasisin suna nan a fili a shafin gwamnati, shafinta na guraben koyarwa kuma yana nuna aikin da ke da ɗaukar nauyin biza. Ban da kuɗin bizar, akwai harajin lafiya, fam 1,035 a kowace shekara ga babba tun Fabrairun 2024, ana biyan na duk shekarun bizar a dunƙule. Akwai fam 1,270 da za su kwana 28 a asusunka in makaranta ba ta tsaya maka ba, gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, da takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ka zauna wata goma sha biyu ko fiye a shekara goma da suka wuce. Dokar Birtaniya ta 1973 ta hana kamfanin samar da aiki karɓar kuɗi daga mai neman aiki don ya samo masa. Duk wanda ya ce ka kawo miliyan kaza ya sayar maka da gurbi, ko dai gurbin babu shi, ko kuma irin wanda ake soke lasisinsa ne ka wayi gari da biza mara tushe.

Albashin farko na malami mai QTS a wajen Landan ya kai fam 30,000 a shekara a Satumban 2023, ya kuma ɗan ƙaru bayan nan. Kafin a juya shi zuwa naira, a cire haraji, fansho, haya da kuɗin ɗumama ɗaki. Wanda ƙwarewarsa ba ta kai shekara biyu ba zai yi zaman sabon malami na shekara biyu ƙarƙashin kulawa.

A ganawar ɗaukar aiki, firamare tambayoyinta sanannu ne. Za su tambayi koyar da karatu ta sautin haruffa, domin ana gwada yara a kansa a aji ɗaya. Malaman da suka sami horon Jolly Phonics a jihohin Arewa suna da abin faɗa a nan, su ajiye takardar horon. Za su tambayi yadda za ka tafiyar da aji mai yara talatin da wasunsu ke da buƙata ta musamman, kana koyar da kusan dukkan darussa kai kaɗai. Za su kuma tambayi abin da za ka yi in yaro ya gaya maka ana cutar da shi a gida. Amsar da suke jira ita ce: ba za ka yi masa alƙawarin rufa asiri ba, ba za ka je ka tunkari iyayen ba, za ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa ka kai wa jami'in kare yara na makarantar a ranar. Bulala kuwa haramun ce a makarantun gwamnatinsu tun 1987, kuma dukan yaro sau ɗaya na iya sa TRA ta hana mutum koyarwa.