Daga Tata Zuwa Allon Kamfani: Yadda Sunayen Gidaje Suka Kafu a Kano

A da Bahaushe ba shi da sunan zuri'a irin na Turawa. Mutum sunansa na yanka, sai a jingina shi ga mahaifinsa, ko sana'arsa, ko unguwarsu, ko wani laƙabi da ya bi shi tun yana yaro. In ya rasu, 'ya'yansa su ɗauki sunansa, na kakan kuma ya ɓace. Rajistar makarantun boko da takardun kamfani da na banki ne suka sa wasu sunaye suka tsaya cak, har suka zama tambarin gida.

Babu misalin da ya kai na Ɗantata. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne, wato daga zuri'ar fatake ta Agalawa, mai fataucin goro. Bayan rasuwar mahaifin, wata mata da ake kira Tata ce ta rene shi, shi ne mutane suka riƙa cewa ɗan Tata. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya dawo Kano daidai lokacin da jirgin ƙasa ya buɗe kasuwar gyaɗa, ya zama babban dillalin kamfanonin Turawa. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, da hannunsa a ciki. Da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929, kuɗin azurfa ya kai ajiya, lodin raƙuma ashirin. Ya rasu a 1955, amma 'ya'yansa ba su koma amsa sunan Alhassan kaɗai ba. Sanusi da Aminu duk Ɗantata suka riƙe, sunan ya hau allon kamfanin gine-gine na Dantata & Sawoe. Abin da ke burge ni a nan: sunan mai reno, macen da tarihi bai adana komai nata ba, shi ne yau a jikin motocin aikin hanya.

Jinin gidan ya wuce inda sunan ya tsaya. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a Kano a 1957, ɗan Hajiya Mariya ne, 'yar Sanusi Ɗantata. Sunan mahaifinsa yake amsawa, shi ya sa baƙo zai ga buhun siminti ya kasa haɗa shi da dalar gyaɗa.

Gidan Rabi'u kuwa sunan uba ne ya daskare. Malam Muhammadu Rabi'u malamin Alƙur'ani ne, ɗansa Khalifa Isyaku Rabi'u ya haɗa karatu da kasuwanci har ya rasu a 2018, jikansa Abdussamad ya kafa kamfanin BUA a 1988. Yau akwai masallacin Khalifa a Goron Dutse da jami'a mai sunansa. Sai dai Rabi'u suna ne na kowa, ma'anarsa na huɗu. Rabi'u Musa Kwankwaso nasa na yanka ne, Kwankwaso kuma gari ne, kamar Rimi da Ganduje. Bakin Zuwo ma unguwa ce a cikin birni kafin ta zama sunan gwamna a 1983. Malam Aminu, ɗan Malam Yusufu, birnin gaba ɗaya ya ɗauka, shi ne filin jirgin sama da asibitin koyarwa suke amsa Aminu Kano.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne Bayero. Matasa da yawa sun ɗauka Jami'ar Bayero sunan Sarki Ado take ɗauke da shi, don shi suka tashi suka gani a gadon sarauta daga 1963 zuwa 2014. Na mahaifinsa ne, Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. Kwaleji ce mai sunansa kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Na Ado su ne katafaren kantin nan na titin Gidan Zoo da dogon benen Ƙofar Nasarawa.

Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, wanda mai sunan ko Bahaushe ba ne. Hanns Vischer ne, Baturen da ya buɗe makarantar boko a wurin a 1909. Hausar bakinsa ce ta sa Kanawa suka raɗa masa laƙabin, ginin ƙasar kuma har yau da shi ake kiransa.