Wai me ake nufi da "tauraron Michelin" ne? Kuma don Allah a daina cewa biyar ne

Kwanan nan duk inda ka leƙa sai ka ci karo da kalmar nan Michelin. Masu bidiyon yawon cin abinci a TikTok da Instagram, masu tallar sabon gidan abinci, har a rediyo. Shekaranjiya ina jin wani mai gabatar da shiri yana yi wa baƙonsa kirari, wai "yau muna tare da ƙwararren shef mai taurarin Michelin har guda biyar". Na ce ikon Allah. Magana ɗaya tal amma ya cusa kuskure biyu a ciki, kuma yadda ya faɗe ta babu ko gargada na tabbata gobe mutum goma za su ɗauka su maimaita.

Ba sai na tsaya ina cewa alama ce ta yabo da ake ba wa wajen da ya iya girki ba, wannan kowa ya gane. Abin da ke ɗaga min hankali daban ne. Taurarin nan uku ne iyakarsu, babu huɗu babu biyar, kuma gidan abinci ake ba wa, ba mutum ba. Amma ba za ka fahimci dalilin ba sai ka san inda abin ya samo asali, kuma asalin nan shi ne ya fi ba ni dariya a duk harkar.

Michelin ɗin nan dai shi ne Michelin na tayar mota. Eh, shi. Wannan ƙaton farin mutumin mai tumbi da aka zana da tayoyi, wanda suke kira Bibendum. Faransawa ma "Mishlan" suke furtawa, amma bar wannan, ba ta ita muke ba. Wa da ƙani ne, André da Édouard Michelin, suka kafa kamfanin a garin Clermont-Ferrand na Faransa a 1889. To a shekarar 1900 motocin da ke Faransa gaba ɗaya ba su kai 3,000 ba, ka ga mai sayar da taya yana cikin matsala kenan, don taya ba ta cinyewa in mota tana ajiye a gida. Sai suka yi dabara, suka buga wani ɗan jan littafi kwafi kusan 35,000 suka raba kyauta. Duba lissafin da kyau, littattafan sun ninka motocin fiye da sau goma. A ciki akwai taswira, da yadda za ka canza taya, da inda za ka sami mai, da inda bakanike yake, da inda za ka kwana in dare ya yi maka. Manufar ɗaya ce: malam fito da motarka ka yi tafiya, tayarka ta suɗe, ka dawo ka sayi sabuwa.

Ana ba da labarin cewa André ya shiga wani shagon taya ya tarar an tara littattafan an tokare teburin aiki da su, daga nan ya ce abin kyauta ba ya daraja, aka koma sayarwa a farkon shekarun 1920. Kuma taswirorin cikinsa ba na wasa ba ne, don a 1944 sai da aka sake buga na shekarar 1939 a Washington aka ba sojojin ƙawance da za su sauka Normandy a Yaƙin Duniya na Biyu, saboda zanen titunan garuruwan Faransa da ke ciki.

Tauraron da littafin ke ba gidajen abinci bai shigo ba sai 1926, kuma guda ɗaya ne a lokacin. A 1931 aka yi masa hawa uku, a 1936 aka fito da ma'anar kowane hawa. To ga inda nake so a tsaya a kula, don ma'anar ba ta ce "mai kyau, mai kyau sosai, mai kyau na ƙarshe" kawai ba, da direba take magana. Tauraro ɗaya: girkin wajen nan yana da kyau ƙwarai, in ka biyo ta hanyar ka tsaya. Biyu: ya kai ka ratse daga hanyarka ka je ka dawo. Uku: ya kai ka tashi takanas daga gidanka, ba ka da wata sabga a garin sai cin abincin nan. Ka gani ko? Ma'aunin nisan tafiya ne. Ɗaya taka birki, biyu karya kan mota, uku cika tanki. Duk ƙarin tauraro ƙarin kilomita ne, duk ƙarin kilomita kuma taya ce ke ci. Shi ya sa in mutum ya ce biyar nake so in tambaye shi, to bayan tasowa takanas me ya rage, ƙaura zai yi da iyalinsa zuwa ƙofar gidan abincin?

Na san inda biyar ɗin ta fito. Otal-otal ne ake aunawa da taurari ɗaya zuwa biyar, kuma wannan ma'auni ne na ɗakuna da hidima da wajen ninkaya da makamantansu, hukumomi daban ke yinsa a kowace ƙasa. Ga kuma taurarin Google da kowa ke dannawa a waya bayan ya ci ya ƙoshi, ko bayan ya yi faɗa da mai kawo abinci, su ma biyar ne. Sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su duka ta dama. Har akwai masu cewa otal ɗin Burj Al Arab na Dubai taurari bakwai gare shi, alhali babu hukumar da ke ba da bakwai, baki ne kawai ya ɗauka. Shi kansa jan littafin ya daɗe yana amfani da wata alama ta cokali da cokali mai yatsu a gicciye, daga ɗaya zuwa biyar, don nuna ƙawar waje da jin daɗin zama, kuma da gangan aka raba ta da tauraro don kada a haɗa kujera da girki.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya fi ci min rai, wato yadda aka mayar da kalmar ta zama wata hanyar cewa "wajen masu kuɗi". Ka ga bidiyo, an nuna fitilu masu walƙiya, farin kyalle a tebur, ƙaton faranti da ɗan abinci a tsakiya kamar an ɗiga, sai a rubuta "Michelin". Su dai masu littafin abin da suke cewa suna dubawa biyar ne kuma duk a cikin faranti suke: ingancin kayan da aka yi girkin da su, ƙwarewa wajen dafawa, yadda ɗanɗano ya haɗu bai yi faɗa da juna ba, ko ana jin hannun mai girkin a cikin abincin, sai kuma ɗorewa, wato in an dawo bayan wata uku a tarar da abin yadda aka bar shi. Sufetocinsu ba sa bayyana kansu, suna kama tebur kamar kowa, su ci su biya kuɗinsu su tafi. Babu labule ko fitila a lissafin.

Hujja kuwa ga ta nan. A 2016 da littafin ya shiga Singapore, wani mai sayar da shinkafa da kaza a rumfar kasuwa, wanda aka fi sani da Hawker Chan, ya sami tauraro ɗaya, farantinsa a lokacin dalar Singapore 2 ne. A Bangkok akwai wata dattijuwa Jay Fai, tana soya wainar ƙwai da ƙaguwa a kan garwashi a bakin titi, sanye da wani ƙaton tabarau na kare ido daga tartsatsin mai, ta sami nata a ƙarshen 2017. A 2024 wani ɗan mitsitsin shagon tako (waina ce ta masara da ake naɗe nama a ciki) a birnin Meksiko, El Califa de León, da abinci kala huɗu kacal yake sayarwa kuma a tsaye ake ci, shi ma ya samu. Gaskiya ni dai ina ganin irin waɗannan 'yan kaɗan ne, kuma suna yi wa kamfanin amfani wajen wanke kansa daga zargin cewa na masu hannu da shuni ne, don in ka duba masu uku-uku kusan duk wuraren da sai ka yi tanadi kafin ka shiga ne. Amma ko ba komai sun nuna cewa ma'anar kalmar ba "tsada" ba ce.

Sai batun "shef mai tauraro". Ka ɗauke shi kamar kofin gasar ƙwallo: kulob ne ya ci, in koci ya bar kulob ɗin ba ya saka kofin a jaka ya tafi da shi. In mai girki ya bar gida tauraro ba ya bin sa, sabon wajen da ya buɗe daga sifiri zai fara, tsohon gidan kuma a sake auna shi a ga ko hannu ya canza. Paul Bocuse, wanda Faransawa ke ji da shi kamar me, gidan abincinsa da ke kusa da Lyon ya riƙe uku tun 1965. Ya rasu a Janairun 2018, gidan ya ci gaba da riƙe ukunsa, sai a Janairun 2020 aka rage masa ɗaya, aka yi ta surutu a ƙasar kamar an taɓa tuta. Da na mutum ne ai da an binne su tare. Gordon Ramsay da kowa ya sani da masifa a talabijin, gidansa na Chelsea a Landan yana da uku tun 2001, amma yana da wasu wuraren birjik har da na boga waɗanda ko rabin tauraro ba su da shi. Don haka in ka ci boga a wajen da ke ɗauke da sunansa, boga ka ci.

Don kada in yi rashin adalci, akwai hanyar da ake kaiwa biyar har a wuce, wato a tattara na gidaje daban-daban na mutum ɗaya a haɗa. Haka Eugénie Brazier ta kai shida a 1933 da gidaje biyu, haka Joël Robuchon ya haura 30 kafin rasuwarsa a 2018. 'Yan jarida ne ke wannan lissafin kuma ba laifi ba ne in an faɗi cewa tarawa aka yi. Amma na san ba wannan mai rediyon nan yake nufi ba, shi a ransa biyar ita ce maki na sama.

Kuma ba sarauta ba ce da in an naɗa an naɗa kenan, duk shekara ake sabon bugu. Hawker Chan ɗin nan ya rasa nasa a 2021. Marc Veyrat da aka rage masa daga uku zuwa biyu a 2019 har kotu ya kai su, yana cewa sufeto ya zarge shi da saka cukun Ingila a girkinsa alhali na yankinsu ya saka, kuma bai yi nasara ba. Wani kuma, Sébastien Bras, shi da bakinsa ya roƙa a 2017 a cire shi daga littafin da ukunsa, ya ce ya gaji da dafa kowane faranti yana tunanin ko wannan ne zai faɗa gaban sufeto. Aka cire shi a 2018, a 2019 sai ga sunansa ya dawo da biyu ba tare da ya nema ba.

Wani ruɗanin kuma, shiga littafin daban, samun tauraro daban. Yawancin gidajen da ke ciki ambatonsu kawai aka yi a matsayin wajen da ya dace a gwada. Akwai kuma Bib Gourmand da aka fara a 1997, na wuraren da abinci ke da daɗi kuma kuɗin da sauƙi, alamarsa fuskar mutumin tayar nan ce yana lasar baki. Duk waɗannan suna manna jan allo a ƙofa, mai wucewa ya ga ja ya ga Michelin shi kenan ya tafi da labarin tauraro. Ni kam in na sauka a baƙon gari Bib ɗin nake fara nema.

Abu na ƙarshe da masu talla ba sa so a sani: littafin ba ko'ina yake zuwa ba. Sai 2005 ya je New York, Tokyo a 2007, Dubai sai 2022. Garin da sufeto ba ya zuwa, ko mai girkin aljani ne ba zai sami tauraro ba, don haka rashinsa ba ya nuna komai a kan abincin garin, haka kuma duk wanda ya ce yana da shi a irin wannan gari ƙarya yake. Yaya ake yi littafin ya zo? Sau da yawa hukumomin yawon buɗe ido ne ke biya. Ta jihar Kalifoniya ta ba da dala 600,000 a 2019 don a faɗaɗa shi ya game jihar duka. Kamfanin yana cewa kuɗin na ɗawainiyar aikin ne, ba ya sayen tauraro ko ɗaya, kuma ni ban ga dalilin ƙaryata su a kan wannan ba. Sai dai ka lura, sana'ar 1900 ce ba ta canza ba, a sa mutum ya bar gidansa ya yi tafiya. Da tayarsa ake so ta cinye, yanzu tikitin jirgi da kuɗin otal ake so ya kashe.

Af, na kusa mantawa. Tun 2024 sun fara ba otal-otal alamar yabo su ma, amma ba da tauraro ba, da makulli, kuma shi ma ɗaya zuwa uku ne. Ina nan na kasa kunne ina jiran ranar da za a gabatar mana da mai otal ɗin da ke da makullan Michelin biyar.