Waiwaye: Yadda Kai Ya Zama Makami a Ƙwallon Amurka

Har yanzu iyaye a Amurka na ta ja-in-ja kan ko ya dace su bar 'ya'yansu su shiga ƙwallon ƙasar, wannan mai kama da zari-ruga. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne CTE, cutar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan buguwar kai. Mai sauraron muhawarar sai ya zaci jiya matsalar ta faɗo.

Farkon labarin sananne ne. A 1905 mace-mace a fili suka yi yawa har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i, aka gyara dokoki a 1906. Na baya-bayan nan ma an sha faɗa: tsohon ɗan wasa Mike Webster ya rasu a 2002 yana da shekara 50, likita Bennet Omalu, ɗan asalin Najeriya, ya gano cutar a ƙwaƙwalwarsa.

Tsakiyar ce ake tsallakewa, alhali a nan ƙasa ta juya.

Dubi Chuck Bednarik, wanda ya buga wa ƙungiyar Philadelphia Eagles ta NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan wasa, daga 1949 zuwa 1962. Nauyinsa bai wuce kilo 106 ba, kuma idan kaka ta ƙare kankare yake sayarwa. Ya taso ne lokacin da mutum ɗaya ke kai hari kuma ya tsare baya, kusan ba ya fita fili. Shi kansa ya yi haka a wasan ƙarshe na 1960. Wanda zai yi irin wannan aiki dole ya yi tattalin ƙarfinsa, ba kuma zai tara jikin da zai gagare shi ɗauka ba.

A 1950 aka tabbatar da dokar canjin 'yan wasa ba iyaka. Daga nan aikin ɗan sahun gaba, wato mai fuskantar abokan hamayya gaba-da-gaba a layin farko, ya koma abu guda: ya durƙusa, ya yi karo, ya fita ya huta. Sai ƙungiyoyi suka shiga neman ƙatti. Yau da wuya ka ga wanda bai kai kilo 135 ba cikin masu kare mai jifan ƙwallo.

A shekarun nan ne kuma hular kwano ta roba mai tauri ta ture ta fata, aka ƙara mata sandar kare fuska. Niyyar mai kyau ce, fashewar ƙoƙon kai da zubar haƙora sun ragu. To amma mai hular fata yana tsoron hancinsa, da kafaɗa yake shiga. Da tsoron ya kau sai aka koma gwara kai kamar raguna. Ga shi kuma har zuwa 1978 doka ba ta bar mai tarewa ya miƙe hannuwansa ba, a ƙirji yake naɗe su, goshi ne ke fara isa. Hular tana kare ƙashi, amma ƙwaƙwalwa na can ciki tana jijjiga a kowane karo, sau da dama a wasa ɗaya, ban da atisaye, galibi ba suma ba jini balle a fitar da mutum.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111, suka sami cutar a 110. Iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka bayar da yawancinsu, don haka adadin ba ya wakiltar kowa. Sai dai 44 daga ciki 'yan sahun gaba ne, fiye da kowane rukuni.