Waiwaye: Yadda Na'urorin Auna Yankan Lu'ulu'u Suka Zama Abin Gardama

Idan masu sha'awar lu'ulu'u suka fara musu kan wace na'ura ce ta fi gane dutsen da aka yanka da kyau, sai ka rantse jiya aka fara. Wani ya rungumi HCA, manhajar da ke ba dutse maki daga lambobin awonsa, wani ya ce sai ASET, na'urar leƙe da ke nuna ta ina dutse ke karɓar haske, na uku ya ce idonsa ya ishe shi. Amma maganar ta haura shekara ɗari.

An san farkonta. A 1919 Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan lu'ulu'u a Antwerp ta Beljiyam, ya lissafa kusurwoyin da ya ga sun fi maido da haske daga dutse mai da'ira: gangaren sama digiri 34.5, gindi digiri 40.75, fuskar sama kashi 53 cikin ɗari na faɗin dutsen. Aka daɗe ana bin wannan lissafi kamar karatun allo. A 2005 AGS, ƙungiyar masu sana'ar duwatsu masu daraja ta Amurka, ta koma auna yanka ta bin sawun haske da kwamfuta, a 2006 kuma GIA, cibiyar nazari da tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, ta fara sa makin yanka a takardun shaidar da take ba lu'ulu'u.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne abin da ya faru a Japan a shekarun 1980. A can aka fito da FireScope, wata 'yar na'ura wadda dabararta ba ta da wuya. A ɗora dutse a kan farin haske, a kewaye samansa da jan abu, a leƙa ta gilashin ƙara girma. Inda ya yi ja, dutsen ya karɓi haske daga sama ya maido shi ga ido. Inda ya yi fari, haske na zurarewa ta gindi. Baƙin kuma inuwar mai leƙen ce da kansa. A dutsen da fuskokinsa suka daidaita sosai, baƙin nan yakan fito kamar kibau takwas, kuma da wani madubin aka gano cewa idan an kifa dutsen ana ganin zukata takwas.

Nan ne al'amarin ya juya. Kafin lokacin, kyan yanka lissafi ne a takarda, ko kuma hukuncin idon wanda ya tsufa a sana'ar. Yanzu ya zama hoto, abin da kowa zai gani ya nuna wa wani. Hoton kuma, da intanet ta zo, ana iya aika shi ga mai saye da ke wata nahiya, wanda bai taɓa riƙe dutsen ba. Mutum zai zuba dukiya a kan abin da bai gani ba, dole ya nemi abin dogaro. Sai hoton ya tashi daga matsayin shaida ya hau kujerar alƙali. Ideal-Scope na Garry Holloway, ɗan Ostireliya, da ASET mai launin ja da kore da shuɗi, duk jikokin waccan dabarar ne.

Sai dai FireScope tambaya ɗaya take amsawa: ina haske yake shiga, ina yake zurarewa, a dutsen da ke zaune cif ba ya motsi. Ba ta nuna launukan bakan gizon da dutse ke watsawa ba, duk da cewa launukan nan su ake kira fire, wato wuta, kalmar da ke cikin sunanta. Ba ta kuma nuna walƙiyar da yake yi idan mace ta motsa hannu tana magana ba, alhali saboda wannan aka saya.

HCA ma haka. Holloway, wanda ya ƙirƙiro shi, da kansa ya bayyana shi a matsayin rariya: a zubar da wanda makinsa ya haura 2, a ƙara bincike a kan sauran. Bai ce mai 0.9 ya fi mai 1.6 ba. Kuma lambobin da ake cusa masa daga takardar shaida suke zuwa, inda aka haɗa fuskoki takwas aka ɗauki matsakaici, sannan aka cike lambar: gangaren sama zuwa rabin digiri mafi kusa, gindi zuwa 0.2. Wato mutum biyu kan raba gari a kan tazarar da awon kansa bai tantance ba.

Da GIA ta yi nata binciken, ta tara duba sama da 70,000 da idon mutane, ta tarar haɗin kusurwoyi masu yawa suna ba da dutse mai kyau, kuma masu kallon ba su haɗu a kan guda ba. Wani ya fi son farin ƙyalli, wani launuka. Shi ya sa makinta na ƙoli yake da faɗi, abin da har yau wasu ke ƙorafi a kai.

Ga kuma abin da ba a cika ambata ba a tsakiyar musun. Lu'ulu'u yana jan maiƙo. Mako guda na man shafawa da sabulu a gindin zobe yakan dusashe dutse fiye da yadda bambancin digiri 0.2 zai taɓa yi, kuma tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi ne maganinsa.